ALMUBAZZARANCI YA HAU JIRGIN RUWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa bayinsa tudu da teku, ya azurta su daga daɗaɗan abubuwa, kuma ya yi alkawarin zai tambaye su game da abin da ya ba su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata tambaya da aka yi mini a ƙofar masallacinmu da ke Gyadi-Gyadi, bayan sallar lisha. A wannan dare, da liman ya sallame, sai wani bawan Allah ya miƙe riƙe da takardar asibiti, ya ce matarsa tana kwance ana yi mata wankin ƙoda, abin hannunsa ya ƙare, yana neman taimakon jama'a. Aka haɗa abin da ya sawwaƙa aka ba shi. Da muka fito, sai wani Alhaji, ɗan'uwa a cikin wannan da'awa, wanda hannunsa bai taɓa noƙewa ga hidimar masallaci ba, ya ja ni gefe ya nuna mini tallan wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a wayarsa: kwana 7 a cikin jirgin ruwan shaƙatawa, ana zagaya tsibiran teku. Ya ce: "Malam, na aurar da ɗana bisa sunna. Ban kira makaɗa ba, ban kira maroƙa ba, ba a yi liƙi ba, ba a yi cakuɗa ba. Kuɗin da na rage nake so in tura shi da amaryarsa su huta a wannan jirgi. Akwai laifi?"

Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni lokaci, zan ba ka amsa a rubuce." Ga amsar nan, kuma na sanya ta a wannan shafi ne domin na lura ba shi kaɗai ne wannan talla ke shigowa wayarsa ba.

MENE NE WANNAN JIRGI?

Malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa, saboda haka ya kamata mu fara da sanin abin da ake kiranmu zuwa gare shi. Jirgin ruwan shaƙatawa ba ya ɗaukar mutum daga wani gari domin ya kai shi wani gari inda buƙatarsa take. Galibi inda ya tashi nan yake komowa. Zaman cikinsa shi ne hajar da ake sayarwa, tsibiran kuwa zango ne da ake tsayawa na yini ɗaya ko ƙasa da haka, a sauka a yi wanka a bakin teku, a ɗauki hoto, a koma ciki kafin dare.

Mu ɗauki misali da jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, yana tashi daga birnin Mayami na Amurka zuwa tsibiran Karebiyan. Tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata 2,350. A cikinsa akwai tafkunan ninƙaya guda 7, da wuraren ci da sha fiye da 40, da dandalin kiɗa da rawa, da gidan caca. Al'adar irin waɗannan jirage ita ce su buɗe teburan caca da zarar sun fita daga ruwan da dokar ƙasa ke iko da shi. Ana sayar wa fasinja takardar shan barasa ta tsawon tafiya tun kafin ya hau. Wurin wanka kuwa maza da mata ne a haɗe, cikin shigar da harshe ke jin nauyin siffantawa. Wannan shi ne gidan da Alhaji yake so ya zaunar da ɗansa da surukarsa kwana 7, gida ne da ba shi da ƙofar fita sai ruwa.

TEKU BA HARAMUN BA CE

Kada wani ya ɗauka muna haramta abin da Allah ya halatta, domin wannan ma babban laifi ne. A cikin Suratul A'araf, aya ta 32, Allah ya yi inkari ga duk wanda ya haramta ado da daɗaɗan abincin da ya fitar domin bayinsa. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 164, ya lissafa jirgin da ke gudana a teku cikin ayoyinsa ga ma'abota hankali. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da 'yan'uwansa, Allah ya yarda da su, a jirgin ruwa suka yi hijira zuwa Habasha. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ummu Haram, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa bushara cewa tana cikin waɗanda za su hau teku domin ɗaukaka kalmar Allah, kuma ta hau tare da mijinta Ubadatu ɗan Samit a zamanin halifa Usmanu, ta rasu a tsibirin Ƙubrus. Haka nan hutu haƙƙi ne na jiki da iyali, kamar yadda hadisin Hanzala da ke cikin Muslim ya nuna. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

To amma tafiya tana ɗaukar hukuncin manufarta da abin da ke cikinta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano sun rarrabe tsakanin matafiya: Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya cire mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa daga waɗanda aka sunnanta wa yin ƙasaru. Ashe ke nan tun da can malamanmu ba su ɗauki kowace tafiya daidai da kowace ba. Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata Alhaji ya ɗora a kan ma'auni.

NA FARKO: ABIN DA KE CIKIN JIRGIN

Alhaji zai ce ɗansa ba ya shan giya, ba ya caca, kuma mun gaskata shi. Amma Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Wanda ya tarar da munkari a kan hanyarsa ta neman magani ko fatauci ko ilimi, yana da uzuri gwargwadon larurarsa. Wanda kuwa ya biya kuɗi, ya nemi biza, ya keta ƙasashe domin ya kwana ya tashi a tsakiyar munkarin, wace larura zai kawo? Aure an yi shi ne domin runtse ido da kiyaye farji. Yaya za a ɗauki saurayi a makonsa na farko da kamewa, a kai shi inda ido ba shi da wurin fakewa? Yaya za a ɗauki yarinyar da iyayenta suka raine ta cikin hijabi, a fara mata rayuwar aure da wannan makaranta?

Idan aka ce ai ana iya samun jirgin da babu giya babu caca, an kuma raba maza da mata, sai mu ce madalla, wannan hujja ta farko ta faɗi, kuma ba za mu yi musun gaskiya ba. Sai dai sauran biyun suna nan tsaye.

NA BIYU: YAWAN ABIN DA ZA A KASHE

Babu irin wannan jirgi da ke tashi daga bakin ƙofarmu. Sai an sayi tikitin jirgin sama zuwa tashar da yake, an biya kuɗin biza, an kama masauki, sannan a biya kuɗin ɗakin jirgin da abin da zai biyo baya, kuma duk da kuɗin waje. Mu ƙaddara cewa ango da amarya za su kashe dala 5,000 gaba ɗaya. A shekarar 2024 dala ta haura naira 1,500. A wannan lissafi kuɗin ya kama naira miliyan 7 da rabi. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata 107, kusan shekara 9, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara abin da za a ƙarar a mako guda. Kujerar aikin Hajji ta 2025 a jihohinmu ta ɗan haura naira miliyan 8. Ashe kwana 7 na kallon ruwa ya kusa cinye kujerar Makka.

A cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah ya haɗa abu biyu wuri guda: umurni da bai wa makusanci da miskini da matafiyi haƙƙinsu, da hani ga almubazzaranci, har ya danganta masu yinsa da shaiɗanu. Wannan haɗi yana da hikima, domin abin da almubazzari ke watsarwa galibi rabon waɗancan ne. A cikin Suratul Furƙan, aya ta 67, ya yabi bayinsa da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Kuma hadisi ya tabbata a cikin Tirmizi cewa tambayar dukiya ranar ƙiyama kashi biyu ce: ta ina aka samo ta, kuma a ina aka kashe ta. Da yawa daga cikin attajiranmu sun shirya amsar ta farko, sun guje wa riba, sun fitar da zakka, Allah ya saka musu da alheri. Ta biyun ce ake mantawa. Halaccin hanyar samu ba ya wanke hanyar kashewa.

Akwai izina a labarin mutanen Saba'i da ke cikin sura ta 34. Allah ya sanya musu garuruwa kusa da juna, suna tafiya dare da rana cikin aminci, ba sa buƙatar guzuri mai yawa. Da ni'ima ta gundure su, sai suka roƙi a nisanta tsakanin zangunansu. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ƙoshi ne ya kai su ga haka. Ƙarshensu aka ɗaiɗaita su, suka zama labari. Duk lokacin da mutum ya ji hutun kusa bai isa ba sai na nesa, na araha bai isa ba sai na tsada, to ya binciki zuciyarsa: hutu yake nema, ko hoton da za a nuna wa sa'o'i?

NA UKU: MAƘWABCI

Ƙaramar hukumar Tarauni ta tara kowa da kowa. Akwai gidaje masu dogayen katangu, a bayansu kuma akwai lunguna inda iyali guda ke cikin ɗaki ɗaya na haya. A kan titin Zariya ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda marasa lafiya ke zuwa daga Kano da Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar. Duk mai salla a masallatan Gyadi-Gyadi da Hausawa da Unguwa Uku da Darmanawa ya saba ganin masu jinya suna miƙewa bayan sallama da takardar magani a hannu. Mai ciwon ƙodar da ta daina aiki yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a kowane mako, in ya rasa kuɗi kuma babu wani jinkiri da jikinsa zai yi masa. Duk mai zuwa kasuwar Tarauni ya ga magidancin da a da yake auna kwano, yau yana sayen gwangwani. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ke nan.

Imamu Buhari ya kawo a cikin Al-Adabul Mufrad hadisin da ya kore cikar imani daga wanda ya ƙoshi alhali maƙwabcinsa yana jin yunwa a gefensa. Babu inda aka ce wannan haƙƙi yana faɗuwa da an fitar da zakka. Mutumin da ya miƙe a masallacinmu da Alhajin da ya nuna mini waya, sahu ɗaya suka tsaya a wannan dare, kafaɗa da kafaɗa. Wannan sahu yana da ma'ana, kuma ma'anarsa ba ta ƙarewa da sallamar liman.

TSIBIRAN NAN SUN SAN MU

Wani zai ce ai Allah ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin lura. Gaskiya ne, kuma da lura ake nema, da waɗannan tsibirai suna da darasi mai yawa ga Bahaushe.

Tsibiran Maldib da ke tekun Indiya, waɗanda masu talla ke yawan nunawa, ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 12. Ibnu Baɗuɗa ya yi alƙalanci a can wajen 1343, ya yi ta fama da mutane a kan tsai da salla da suturar mata. Daga ruwan waɗannan tsibirai ake tsamo wurin da ya zama kuɗin kakanninmu, kuma shi Ibnu Baɗuɗa ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Yau ina wuri? Abin da attajiran Kurmi suka cika rumbuna da shi ya koma adon ƙwarya da abin wasan yara. Wanda ya tsaya a gaɓar Maldib ya tuna da haka, ya san matsayin naira da dala a wurin Allah.

Tsibiran Karebiyan kuwa, can aka kai miliyoyin bayi daga Afirka domin noman rake, cikinsu har da Musulmi masu karatu. Abubakar Siddiƙu, haifaffen Timbuktu, wanda mahaifiyarsa Hafsatu ake kiranta da sunan Hausa Nagode, ya yi kusan shekara 30 yana bauta a Jamaika, yana rubuta lissafin ubangidansa da baƙaƙen Larabci, har aka 'yanta shi a 1834, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Shi ya ƙetare wannan teku a ƙarƙashin jirgi cikin sarƙa, bai saki addininsa ba. Ashe zai dace jikokin 'yan'uwansa su ƙetare ta a saman bene, su ajiye nasu addinin a gida na mako guda? Fasinjan da aka sauke na awa shida a bakin rairayi ba ya jin wannan labari, domin ba shi aka sayar masa ba.

NA SAMA DA NA ƘASA

Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga da mutanen da suka hau jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun bi ta kan na sama, har suka yi tunanin su huda nasu ɓangaren su huta. In na sama suka ƙyale su, duka su halaka, in suka riƙe hannunsu, duka su tsira. Malamai sun kawo wannan hadisi a babin hani da mummuna, kuma akwai wani abin lura a cikinsa: ƙishirwa ce ta kai na ƙasa ga tunanin huda jirgi. Riƙe hannunsu wajibi ne, amma mai hankali daga cikin na sama zai kuma tambayi kansa ko ya sauƙaƙa musu hanyar ruwa.

Kano jirgi ɗaya ce. Mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe aka fasa wurare aka kwashi kaya, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Ba mu halatta ɓarna ba, kuma ba za mu halatta ba. Amma matashin da ba shi da aikin yi, yana zaune a bakin titin Kotu yana kallon hoton ɗan maƙwabcinsa a saman jirgi a wayarsa, me muke shukawa a zuciyarsa? Doguwar katanga a da tana ɓoye ni'ima, yau waya ta rushe ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

GYARA KAYANKA

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu 'yan wannan ƙungiya. Shekara da shekaru malamanmu suna yaƙi da bidi'o'in biki da suna da zaman makoki, da gara da lefen gasa, waɗanda suka karya bayan talaka suka hana 'yan mata aure. An zage su, an kore su daga masallatai, wasu an raba su da danginsu, suka daure. Me suke nema? Su 'yantar da dukiyar Musulmi daga al'ada domin ta tafi inda Allah yake so: makaranta, da maraya, da mara lafiya, da aurar da wanda bai da hali. Idan kuɗin da aka hana makaɗi da maroƙi a Gyadi-Gyadi za a kai shi ga mai gidan caca a tsakiyar teku, to an gudu ba a tsira ba. Maroƙin ma aƙalla a kasuwar Tarauni zai yi cefane da shi. Almubazzaranci bai mutu ba ke nan, unguwa ya sake, ya tafi inda mai wa'azi ba ya gani. Kuma abin tsoro shi ne, duk abin da mai kuɗi ya fara yau, gobe ya zama sharaɗi a kan mai ƙaramin ƙarfi, kamar yadda akwatin lefe ya fara.

Saboda haka, Alhaji, ga shawarata, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka ba ɗanka da amaryarsa hutu, domin sun cancanta, amma a wurin da za su ji kiran salla, su kiyaye idonsu, kuma da kuɗin da ba zai ba ka kunya ba in aka karanta shi a gaban maƙwabtanka. In teku suke sha'awar gani, mai zuwa Umra yana ganin Bahar Maliya a Jidda. Abin da ya rage ka raba shi: kashi ka ƙara wa yaron jari, domin gida da jari yake tsayawa, kashi ka nemi kwamitin masallaci su kai shi ga masu jinyar da ke kwance a bakin unguwarku, ba tare da an ambaci sunanka ba. Ina kuma kira ga shugabannin rassanmu na Tarauni da kewaye su buɗe asusu na dindindin domin marasa lafiya, yadda mai mutunci ba sai ya miƙe a gaban jama'a da takarda a hannu ba. Malamanmu masu wa'azi su ma su sanya wannan babi cikin karatunsu, su faɗa wa mai ba da gudummawa gaskiya kamar yadda suke faɗa wa wanda ba ya bayarwa.

Daga ƙarshe, duk wanda ya raka gawa maƙabartar Tarauni ya san akwai wata tafiya da aka riga aka yanka wa kowannenmu tikitinta, ba a neman biza, ba a ɗaukar akwati, kuma guzurinta shi ne abin da mutum ya gabatar. Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya sanya dukiyarmu a hannunmu kada ya sanya ta a zukatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya albarka a auren 'ya'yanmu, ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.